Harshen Aro Da Hukuncin Zuciya

A watan Yunin 2022, a taron da aka yi a Kigali babban birnin Ruwanda, aka karɓi Gabon da Togo cikin ƙungiyar Kwamanwel, wadda muka saba kira ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, alhali kuwa daga hannun Faransa su biyun suka karɓi 'yanci. Shekara goma kafin nan, a 2012, gwamnatin Ali Bongo ta riga ta bayyana niyyar ɗaga darajar Ingilishi a makarantun ƙasar, tana koyi da Ruwanda. Wannan sauyi bai bar Hausawan Gabon a baya ba, daga waɗanda kakanninsu suka biyo ta Kamaru suka zauna a garuruwan arewa irin su Oyem da Bitam fiye da shekara ɗari da suka wuce, har zuwa waɗanda suka zo daga Maraɗi ko Kano neman halaliya a Libreville. Mai shago yana son Ingilishi don ya yi ciniki a Dubai ko Legas ba tare da ɗan tsakiya ba. Saurayi yana so don neman aiki ko ƙarin karatu.

To a ɗauka an buɗe aji a wani ɗaki a unguwar Cocotiers, ana zama bayan sallar isha'i, benci uku da allo ɗaya. A cikin ɗaliban akwai dattijo mai shekara hamsin, yana da shago a kasuwar Mont-Bouët. Yana jin Hausa da Faransanci, yana karanta Larabci, ya aurar da 'ya'ya, kuma idan 'yan kasuwa biyu suka saɓa shi ake kira ya sasanta. Amma da zarar ya buɗe baki da Ingilishi sai ya koma kamar yaro ɗan shekara huɗu. Malamin ajin, wanda bai fi sa'ar ɗansa ba, ya ga littattafan koyar da harshe suna ba da shawarar a riƙa kawo matsalolin ɗa'a masu wuyar warwarewa, domin gardama tana sa ɗalibi ya manta da jin nauyi ya yi magana. Tambayar ita ce: shin daidai ne a nemi mutum ya yanke hukunci kan nagarta da mugunta da harshen da bai gama iyawa ba? Kuma idan daidai ne, wane haƙƙi ke wuyan malamin?

Ra'ayina shi ne ya dace a yi, har ma rashin yi tauye ɗalibi ne. Sai dai aikin malamin ya tsaya ga bai wa ɗalibi kalmomin da zai faɗi abin da zuciyarsa ta riga ta sani, ya kuma kiyaye kada ƙarfin da yake da shi a kan harshe ya zame masa ƙarfi a kan hukunci.

Bari mu fara da masu cewa a bar abin gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce an biya malami ya koyar da harshe, ba a ɗauke shi ya yi wa'azi ba. Wannan tsoro yana da asali. Lokacin da likita Walter Miller ya zauna a Zariya a 1905, ilimi da bishara a jaka ɗaya ya kawo su. Ko makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sai da aka yi ta lallashi kafin wasu iyaye su saki 'ya'yansu. Kakanninmu sun gane cewa harshe ba ya zuwa shi kaɗai, yakan zo da tarbiyyar masu shi. Ba su yi kuskure a wannan fahimta ba.

Amma fahimtar da kanta ita ce ke rushe hujjar masu cewa a yi shiru. In dai harshe yana tafe da tarbiyya, to babu darasin da ya kuɓuta. Labarin da ke cikin littafin koyo, na wanda ya bar iyayensa ya tafi neman abin da ransa ke so, ko na saurayi da budurwa da ke zaune ɗaki ɗaya ba aure, duk suna koyar da wani abu ko da malami bai ce uffan ba. Gara a fito da maganar fili a tattauna ta, a kan a bar ta ta shiga ta ƙarƙashin ƙofa. Sa'annan wanda ya iya tambayar farashi da Ingilishi, amma bai iya cewa "wannan zalunci ne, ban yarda ba," an ba shi harshen saye da sayarwa an hana shi harshen kare mutuncinsa. Ranar da abokin ciniki zai nemi su haɗa baki su rubuta farashin ƙarya a takardar kwastan, kalmomin ƙi yake bukata, da kalmomin bayyana dalilin ƙin. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu yana mayar da amsa, saboda al'amarin wasiƙa al'amarin amana ne. Ke nan tun farko koyon baƙon harshe da riƙon amana tare suke tafiya a wurinmu.

In mun yarda a tattauna, sai mu duba irin matsalolin da aka fi kawowa. Ta farko ita ce ta tarago. Wata masaniyar falsafa 'yar Ingila, Philippa Foot, ta kawo ta a 1967: birki ya shanye, mutum biyar suna kan layin da taragon ya nufa, mutum ɗaya yana kan wani layin. A karkatar da shi ya kashe ɗaya, ko a bar shi ya kashe biyar? Daga baya Judith Jarvis Thomson ta Amurka ta ƙara mata gishiri: kana tsaye a kan gada, ba yadda za ka tsayar da taragon sai ka tunkuɗa wani ƙato ya faɗa gabansa. Ta biyu ita ce wadda Lawrence Kohlberg ya yi amfani da ita tun binciken da ya kammala a Jami'ar Chicago a 1958: matar wani mutum mai suna Heinz tana bakin mutuwa, mai magani ya ninka kuɗin maganin sau goma, mijin ya haɗa rabi kawai, mai maganin ya ƙi ragi ya ƙi bashi. Ya fasa shagon ya sata, ko kuwa?

Jirgin ƙasa ba baƙo ba ne ga mazaunin Libreville, ga layin dogo nan ya tashi daga Owendo har Franceville. Abin da ke baƙo shi ne yadda aka gina tambayar: mutum shi kaɗai, ba dangi, ba maƙwabci, ba liman, ba lokacin shawara, an toshe kowace ƙofa sai biyu. In aka tambayi dattijon Mont-Bouët labarin Heinz da Hausa, amsarsa za ta yi tsawo. Zai ce, "Malam, ina 'yan'uwan matar? Shin an kai maganar masallaci? Ba wani babba da mai maganin ke jin kunyarsa?" Zai kawo maganar lalura da abin da take halattawa, ya bambanta wanda ya ɗauka da niyyar biya da wanda ya ɗauka don ya ci bulus, ya kuma ce mai maganin ma yana da hisabinsa. Wannan tunani ne na wanda ya daɗe yana sulhu. Carol Gilligan ta soki ma'aunin Kohlberg a littafinta na 1982 a kan irin wannan: wanda ya nemi a gyara dangantaka a sasanta, sai a ba shi maki ƙasa da wanda ya yanke hukunci kamar mai lissafi.

Yanzu a tambayi dattijon nan da Ingilishi. Duk wancan bayanin zai ƙanƙance ya koma kalma uku ko huɗu: sata ba kyau. Malamin da bai yi hattara ba zai ɗauka iyakar tunanin mutumin ke nan, ya shiga "faɗaɗa masa tunani." Nan ne zaluncin farko yake. An auna zurfin rijiya da tsawon igiyar guga. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, to haka harshen aro yake a farkon koyo: rabin abin da ke cikin mutum a waje yake bari.

Abin bai tsaya ga ƙarancin kalmomi ba. A 2014, Albert Costa na wata jami'a a Barcelona da Boaz Keysar na Jami'ar Chicago, tare da abokan aikinsu, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ba mutane tambayar gadar nan, wasu da harshen uwa, wasu da harshen da suka koya. A gwajin farko, kashi 20 cikin ɗari na masu harshen uwa ne suka ce za su tunkuɗa mutumin, amma a masu baƙon harshe sai aka sami kashi 33. A gwaji na biyu tazarar ta ƙaru, daga kashi 18 zuwa 44. Bayanin da suka fi karkata gare shi shi ne baƙon harshe ba ya taɓa zuciya kamar harshen da aka goya mutum da shi. Kowa ya san wannan a jikinsa. Ashar ɗin da ba za ka iya furtawa da Hausa ba, da Faransanci ko Ingilishi sai ya fita ba nauyi. Kalmar "uwa" tana motsa abin da takwararta ta wani harshe ba ta motsawa.

Wani zai ce ai wannan alheri ne, tunda sanyin zuciya yana ba hankali damar yin aiki, biyar kuma sun fi ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sau da yawa abin da muke kira tsoron Allah ko kunya, in aka tona, ƙabilanci ne ko son kai ya sa rawani. Mutum zai iya duban al'adarsa daga ɗan nesa idan ya faɗe ta da wani harshe, ya ga abin da sabo ya rufe masa. Sai dai ba kowane nauyin zuciya ne jahilci ba. Ƙyamar da mutum ke ji ta sa hannu ya tura ɗan'adam ga mutuwa, ita ce katangar da ta hana duniya zama dawa. In harshe yana iya rage wannan ƙyama, to malami ya sani cewa ɗalibin da ke gabansa yana cikin wani hali na rauni, kamar wanda aka tashe shi daga barci aka ce ya sa hannu a takarda. Ba a cin ribar irin wannan hali. Abin da ya kamata shi ne a bar ɗalibi ya fara yanke hukuncinsa da Hausa, ko da Faransanci in ya fi masa sauƙi, sa'annan a taimaka masa ya ɗauko shi zuwa Ingilishi bai zube a hanya ba. In amsar ta canja a tsakanin harsunan biyu, wannan canjin shi ne darasin ranar.

A wajen ɗaukowar nan ne aikin gaske yake. Ingilishin aji yana da "must" da "should" da "may." Ɗalibin da ya yi zaman makarantar zaure yana tafe da ma'auni mai hawa biyar: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi, haram. Shi ya san akwai abin da ba laifi ba ne amma barinsa ya fi, kuma yana bukatar a nuna masa yadda ake faɗin haka. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. A ɗauki kunya kawai. Ingilishi yana da kalma ga nauyin da mai laifi ke ji in asirinsa ya tonu, yana da wata ga rashin sakewa cikin mutane, amma ba shi da kalma ɗaya da za ta ɗauki abin da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ko abin da ke sa suruki ya kasa cin abinci gaban surukinsa. Ɗalibin da ya yi minti goma yana fama ya bayyana wa baƙo mece ce kunya, ya koyi Ingilishi fiye da wanda ya haddace shafi biyu, kuma ya fita ajin yana sane da cewa shi ma ya zo da abin da zai koyar.

Daga nan sai tambaya ta taso: me zai hana a watsar da tarago da Heinz, a kawo matsalolin da mutanen ajin ke kwana da su? Ga su nan birjik. Ɗan garinku ya sauka a ɗakinka ba shi da katin zama, jami'ai suka tambaye ka ko kai kaɗai ne a ciki: gaskiya ko amana? An ba ka ajiyar kuɗin adashi, sai aka bugo daga gida cewa mahaifiyarka tana asibiti: ka taɓa ko ka bari? Ka raka maƙwabci wurin likita a matsayin tafinta, likita ya ce cutar ta ci ƙarfinsa, shi kuma yana kallon bakinka: me za ka fassara? Waɗannan sun fi tarago nauyi sau dubu, kuma ba wanda zai yi gyangyaɗi a kansu.

Amma a nan ma akwai rami. Tambayar tarago tana da fa'ida ɗaya da ba a cika lura da ita ba, wato ba ta tona asirin kowa. Tambayar katin zama kuwa tana iya zama labarin wanda ke zaune a benci na biyu. In malami ya ce kowa ya faɗi abin da ya taɓa yi, ɗalibi mai ƙarancin kalmomi ba shi da dabarar kewaye-kewaye da yake da ita a Hausa, sai ya faɗi abin a miƙe, gaban mutanen da ba duka ya sani ba. Magana kuwa zarar bunu ce. A ƙasar baƙunci, subul da baka ɗaya yana iya raba mutum da shagonsa ko da 'yancinsa. Malamin da ya jawo haka don darasinsa ya yi armashi ya ci amanar aji.

Mafita tana cikin abin da muka gada. Daga cikin tatsuniyoyin Afirka ta Yamma akwai waɗanda ba sa ƙarewa da hukunci, sai da tambaya. William Bascom ya tara irinsu masu yawa a littafinsa na 1975. Sananniya a cikinsu ita ce ta samari uku masu neman yarinya ɗaya: na farko ya hango ta mutu, na biyu ya kai su wurin cikin ƙiftawar ido, na uku ya tashe ta. Wa ya cancanci ya aure ta? Yara da manya su yi ta gardama har dare ya raba, kowa yana faɗin abin da ke ransa ta bakin wani, ba wanda aka nuna da yatsa. Haka ya kamata malami ya yi: ya ɗauki matsalar da mutanensa suka sani, ya ɗora ta a kan wani mutum na ƙage a wani gari, ya tambayi abin da ya kamata mutumin nan ya yi. Wanda ke son ya ce "ni ne" yana da dama, amma ba a tilasta masa ba.

Saura tambaya mafi wuya. In ɗalibi ya faɗi abin da malami ya tabbata cuta ce, sai ya gyara masa jimla kawai ya wuce? A ce ana maganar riƙo, wani ya ce ba laifi a ɗauko yarinya 'yar shekara tara daga ƙauye a kawo ta ta yi talla da wanke-wanke, tunda iyayenta sun yarda kuma ana aika musu wani abu. Wannan ba tatsuniya ba ce a gaɓar tekun nan. A watan Afrilun 2001 duniya ta ji labarin jirgin ruwan Etireno, wanda ya taso daga Kwatano da gomman yara, aka hana shi sauke su a Libreville, ya yi ta gararamba a teku kafin ya koma inda ya fito. Malamin da ya ji irin waccan magana ya ce shi nahawu kawai ya sani, ya ɓuya ne a bayan allo. Shiru ma magana ce, kuma ɗalibai za su fassara ta da yarda.

Abin da ya dace shi ne ya raba ayyukansa biyu a fili. Jan biro na nahawu ne kaɗai, ra'ayi ba ya cikin abin da ake ba maki. Ya fara taimaka wa mutumin ya faɗi maganarsa da Ingilishi mai kyau, har ya ji an fahimce shi yadda yake nufi. Sa'annan ya ajiye alli ya ce, "Alhaji, jimlarka ta yi daidai. Amma a kan maganar kanta ina da ja, kuma yanzu a matsayin ɗanka nake magana, ba malaminka ba." In gardamar ta yi zafi, a koma Hausa, inda dattijon yake da cikakken makaminsa. Wanda ya kayar da mutum a muhawara don kawai abokin muhawarar yana laluben kalma, bai gamsar da shi ba, ya dai rufe masa baki. Irin wannan nasara ba ta fitar da yarinya ko ɗaya daga talla. Wanda aka gamsar da harshen da yake mafarki da shi, shi ne ake sa ran zai koma gida ya sake shawara.

Wani zai ce duk wannan ya yi wa ƙaramin malami yawa, mutumin da ake biyansa 'yan sefa kaɗan a wata. Haka ne, nauyi ne. Amma nauyin yana nan ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, domin duk wanda ya tsaya tsakanin mutum da harshen da yake nema ya riƙe masa wani abu mai daraja. Ma'aunin da zai duba aikinsa da shi mai sauƙi ne. Bayan shekara guda, shin dattijon nan yana iya zama gaban Bature ko Ba'indiye ko Bayarabe ya bayyana da Ingilishi dalilin da ya sa ba zai taɓa kuɗin ajiya ba ko da yana cikin matsi, ya kuma saurari wanda ya saɓa masa ya mayar da amsa? In ya iya, an koya masa harshe kuma an bar masa kansa. Allah ya sa mu dace.